Rabin Kwalbar Siro

Ranar wata Talata bayan la'asar, Khairiya tana shagon maganin babanta a Zangon Sokode, tana auna wa wata mata siro a ƙaramar kwalba, sai wayarta ta yi ƙara. Mijin yayarta Husseina ne daga Dapaong.

"Awal ya rasu," ya ce. "Tari ne da zazzaɓi. Yanzu muka dawo daga kai shi."

Awal ɗan Husseina ne, shekararsa biyu. Khairiya ta ajiye cokalin ta zauna a kan kwali. Matar ta jira har ta gaji, ta ɗauki kwalbarta ta tafi.

Alhaji Hamadu ya shekara talatin a wannan shago. Yawancin iyaye mata ba sa iya sayen kwalbar amoksisilin guda, don haka yakan zuba wa garin maganin ruwa da kansa, ya girgiza, ya jera a kantar shagon, ya riƙa sayarwa da cokali, na kwana biyu ko na uku. Mata na sa masa albarka. Haka Khairiya ta taso ta gani.

Ta isa Dapaong a gajiye. Ranar addu'ar uku wani saurayi dogo ya shigo gidan, da farar riga a naɗe a hannunsa. Mudathir ne, ma'aikacin jinyar da ya karɓi yaron a asibitin unguwa. Bayan ya yi ta'aziyya ya fito da wata kwalba daga aljihu, ya tambaya a hankali ko daga ina aka samo ta.

Khairiya ta gane jan zaren da take ɗaura wa wuyan kwalabe. Wata biyu da suka wuce ita ta ba Husseina a matsayin tsaraba, ta ce a ajiye saboda Awal.

Ta bi shi har ƙofar gida.

"Malam, ni ce na dama shi. Ka faɗa mini gaskiya. Ni na kashe shi?"

Ya dube ta, ya kau da kai, ya sake dubanta.

"Ba guba ba ne, baiwar Allah. Amma in aka zuba masa ruwa, kwana bakwai zuwa sha huɗu ƙarfinsa ya tafi, balle a zafin garin nan. Kwana biyar ana ba yaron ruwa mai zaƙi, ana jiran ya warke. Da aka kawo shi numfashi ya riga ya ƙi."

"To ai ni ce."

"Ba ki sani ba. Yanzu kin sani."

Ta karɓi lambarsa don tana da tambayoyi. Da ta koma Sokode ba ta gaya wa Baba komai ba. Husseina kuwa ba ta ƙara ɗaukar kiran Khairiya ba.

Saƙon Khairiya na farko ga Mudathir gajere ne: "Malam yaro yana gudawa uwarsa tace na bata kafso. In bata?"

Ya amsa: "Kar ki ba ta. Ruwan gishiri da sukari, da zinc. In da jini a kashin, asibiti kai tsaye. Ke kin ci abinci yau?"

Da farko kullum tambaya ce. Daga baya tambayoyin suka ragu, saƙonnin ba su ragu ba. Ta sa masa suna Malam Ordonans, don ba ya jimla uku bai ambaci ordonans, wato takardar likita, ba. Shi kuma ya koma kiranta Khairi.

"Khairi, yau na ga yara talatin da biyu, ƙafafuna sun mutu. Na zauna in ci shinkafa sai na tuna yadda kike cewa 'to' in ba ki yarda ba. Ina son in zo in gaida Baba."

Ta daɗe tana kallon wayar kafin ta rubuta: "To."

"Wane irin to ne wannan?"

"Na yarda ne Malam Ordonans. Ka zo da goro kada ka zo da wa'azi."

Ya zo da goron, amma bakinsa bai haƙura ba. Yana durƙushe a shagon sai wata mata ta shigo ta ce a ba ta na kwana biyu, yaro na mura.

"Baba, ku gafarce ni," ya ce. "Mura ba ta buƙatar wannan. In ma ana buƙata, na kwana biyu ba ya kashe ciwon, koya masa jure magani yake yi."

Alhaji ya gyara tabarau. "Shekarunka nawa?"

"Ashirin da tara."

"Shagon nan ya girme ka. Ka je ka gaya wa matar da asibiti ya yi wa nisa ta kawo takarda. Ka gaida gida."

Akwai Issifou, wanda yake kawo musu kwalayen magani daga Lome. Ya daɗe yana son Khairiya, tana zillewa. Sati biyu bayan zuwan Mudathir masu binciken magani suka shigo shagon suka kwashe kwalaben da aka dama. Issifou ya iso da yamma yana kaɗa makullin mota.

"Alhaji, surukin naku ya iya aiki. Ya zo gaisuwa, ya koma ya rubuta rahoto."

Khairiya ta aika wa Mudathir saƙo guda: "Ka tozarta Babana. Kada ka sake kirana."

Ya amsa: "Wallahi ba ni ba ne, Khairi. Amma ba zan ce na yi baƙin ciki da an kwashe su ba, kin san dalili. Zan jira ki."

Ta kife wayar. Wata guda tana buɗe shago tana rufewa, abinci ba ya shiga. Daga baya ta ji cewa layin kasuwar gaba ɗaya aka bi, har garin Tchamba, kuma ɗakin ajiyar Issifou ma bai tsira ba. Kunya ta hana ta kira. Alhaji kuwa ya sayo sababbin kwalabe ya ci gaba da damawa.

Wata safiya tana share shago ta ga Baba ya ɗauki butar ruwa zai zuba a garin magani. Hannunta ya saki tsintsiyar.

"Baba, siron da aka ba Awal namu ne. Ni na dama shi, ni na ba Yaya. Wata biyu yana ajiye."

Alhaji ya tsaya da butar a hannu.

"Wa ya gaya miki?"

"Na ga zaren da idona. Mudathir ya sani tun ranar. Ko da kuka kore shi bai faɗa muku ba."

Tsohon ya ajiye butar. Ya kira Husseina a waya, ya fita waje yana saurare, ba ya cewa komai sai "na'am". Da ya dawo ya kwashe kwalabe shida da suka rage a kanta, ya zubar da su a kwata ɗaya bayan ɗaya. Ranar bai buɗe shago ba.

Kashegari bayan azahar ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Yaron nan mai baki. Ki ce ya turo manyansa."

Ta rubuta: "Malam Ordonans na zalunce ka. Baba yace ka turo."

Amsar ba ta yi minti ɗaya ba: "Alhamdulillahi. Khairi, na gaji da cin shinkafa ni kaɗai."

An ɗaura aure bayan babbar sallah, ba kiɗa, don zaman makoki bai bar zukatan gidan ba. Alhaji ya riƙe hannun angon ya ce, "Allah ya ba ku 'ya'ya masu rai. Kai kuma ka riƙa zuwa kana duba mini kantar magani." Husseina ta zo. Ita ta sa wa amarya lalle, ita ta riƙe mata mayafi har mota.

Yanzu Khairiya tana Dapaong, layi uku tsakaninta da gidan yayarta. Kullum da safe, in Mudathir ya fita aiki, takan zuba koko a kwano biyu ta ɗauka ta tafi can. Su zauna a tabarma su sha. Wata rana har su taɓa hira. In sun gama ta wanke kwanukan ta koma gida.