Kifin Da Aka Hana Binnewa

Ranar Juma'a da safe Alhaji Mailafiya, mai gidan abincin bakin tafki, ya kira Insfekta Gaji yana huci. Kifayen da yake ajiyewa da rai cikin keji a ruwa, waɗanda mutanen Dutse ke zuwa su nuna da yatsa a gasa musu, duk sun taso ciki sama.

Tun kafin Insfekta ya sauko daga mota Alhaji ya yanke hukunci. Wai kukunsa Mu'minatu ce, don jiya sun yi cacar baki, kuma sai ya ga ta kwana a sel. Ita kuwa kuka take tana rantsuwa.

Kowa ya ce maganin ƙwari na fiya-fiya aka zuba. Insfekta ya sunsuna ruwan, bai ji wari ba. Dakakken ganye kawai ya gani maƙale a ragar kejin. Bai nuna wa kowa ba, ya sa a haƙa rami a binne kifin.

Nata'ala, tsohon masuncin da ke kawo kifin, ya ce shi tun jiya bai leƙo wajen ba. Amma idonsa na kan ramin, kamar ɗansa za a sa a ciki.

Da la'asar Insfekta ya bi hayaƙi har bayan gidan Nata'ala. Ga tarwaɗa shimfiɗe a kan wutar banda, jikokinsa na ci.

"Baba, kifin guba kake ba yara?"

"Wace guba? Ganyen majimfa ne, kifi yake bugarwa, ba ya taɓa mutum."

"Wa ya ce maka majimfa ce? Ni ban faɗa wa kowa ba."

Shekarun tsohon a ruwa ne suka ci amanarsa, ya kasa ganin an binne kifi mai kyau, ya koma ya tono shi.

Bai yi musu ba. Ya ce kwalekwalen mahaifinsa ya jingine a gaɓa, Alhaji ya sa kafinta ya farfasa shi ya yi bencina, wai baƙi na son kayan gargajiya.

Aka saki Mu'minatu da aka tsare tun safe. Da aka biyo da Nata'ala ta gaban gidan abincin da ankwa a hannu, ya tsaya ya dubi Alhaji.

"Kullum ina kallon mutanenka suna zaune a kan ubana suna tsotsar ƙashi. Yau dai ba wanda ya zauna."