Wuri Goma Sha Biyu, Kafinta Ɗaya

A Asabar ɗin farko ta sabuwar shekara Auta ta fara ganinsa, a ɗaki na biyu na gidan tarihin garinsu. Yana durƙushe gaban wani akwatin gilashi, fensir a bayan kunne, yana gwada sabon kwaɗo a ƙofar akwatin. Ita kuwa so take ta karanta bayanin wani tsohon agogon aljihu na azurfa da ke ciki.

"Malam, ko za ka ɗan matsa? Ka tare min rubutun."

Ya ɗago ya dube ta, sannan ya matsa. "Yi haƙuri. Ban saba ganin mai karantawa ba. Yawanci hoto suke ɗauka su wuce."

"Ni sai na karanta."

"To, karanta ki gaya min. Kwana uku ina aiki a nan, ban san agogon waye ba."

Ta ajiye ƙaramin littafinta a kan gilashin, ta karanta masa. Na direban jirgin ƙasa na farko a garin ne. Ya ce lallai agogon ya yi kyau, da zai samu irinsa da ya daina makara. Ta yi murmushi kaɗan, ta ɗauki littafinta ta wuce.

Auta a kantin magani take aiki. A garin aka haife ta, kullum ta gaban gidan tarihin take wucewa, amma ba ta taɓa leƙawa ba. Da shekarar da ta wuce ta zo ƙarshe sai ta zauna ta rubuta burinta guda uku a ƙaramin littafin nan nata: ta gama kwas ɗin da ta fara ta watsar, ta daina cin abinci a tsaye, kuma kowane wata ta ziyarci wuri ɗaya a garin nan da ba ta taɓa shiga ba. Ta jera wuraren goma sha biyu, kowanne da ranarsa.

A wata na biyu ta je tsohon ɗakin karatu. Tana hawa bene ta ji ƙarar guduma. Shi ne, a kan tsani, yana gyara kantar littattafai.

"Mai karanta rubutu," ya ce. "Sannu da zuwa."

Ta amsa a taƙaice. Ta ce a ranta kafinta ai duk inda katako yake nan yake.

A wata na uku ta je tsohuwar tashar jirgin ƙasa da aka mayar wurin baje zane-zane. Tana shiga ta hango shi tsaye gaban wani zane, hannuwa a baya, kaya sun sha guga. Ta tsaya cak. Mahaifinta shekara talatin ya yi yana aikin kwastan, kuma ya raine ta a kan cewa abu in ya faru sau uku, to akwai mai shirya shi.

Ta nufe shi kai tsaye. "Me kake yi a nan?"

"Aiki ne ya kawo ni."

"Ina fensirin? Ina gudumar? Da turare ake gyaran katako yanzu?"

Ya sosa ƙeya. Ya dubi zanen, ya dubi takalminsa.

"Bina kake yi," ta ce. "Faɗa min yadda ka san zan zo, in ba haka ba na kira mai gadi."

"Ranar farko kin ajiye littafinki a buɗe a kan gilashin. Idona ya kai. Na biyun wallahi aiki ne, ki tambaye su. Wannan kam ba aiki ba ne. Tun ƙarfe tara nake tsaye gaban zanen nan, har mai gadin ya tambaye ni ko saya zan yi."

"Ka karanta min littafi, sannan ka yi min ƙarya."

"Na yi. Ban kyauta ba."

Ta juya ta bar shi. Ta zagaya ɗakunan duka ita kaɗai, ba ta ga komai ba don fushi. Da ta fito ta tarar ya tafi, amma ya bar katin shagonsa wurin mai gadi. A bayan katin ya rubuta: "Ba zan sake zuwa ba sai kin ce in zo."

Wata na huɗu ta je lambun tsirrai. Ta duba bayan kowace bishiya, ba ta gan shi ba. Abin da ya ba ta haushi shi ne yadda rashin ganin nasa ya dame ta. Da yamma ta tura masa saƙo.

"Ka cika alkawari. Lambun yana da kyau, amma kujerunsu duk sun karye."

Amsa ta shigo nan take. "Na gode da rahoto, Mai Littafi. In zo in gyara kujerun, ko in zo in gaishe ki?"

"Kujerun tukuna."

Wata na biyar tare suka je wurin masu ginin tukwane, ƙawarta na biye da su. Ya gwada gina kofi, abin ya fito kamar takalmi. Auta ta yi dariya har da hawaye. Daga ranar saƙo bai yanke tsakaninsu ba.

"Mai Littafi, kin zauna kin ci abinci, ko a tsaye kika ci?"

"A zaune, Kafintana. Wa ya naɗa ka mai binciken burina?"

"Ni na naɗa kaina. Saura kwas. Jarrabawa yaushe?"

Ranar da ya zo gaida iyayenta, Baba ya sa shi gaba da tambayoyi kamar ya tare mota a kan iyaka. Ina aka haife shi, wa ya koya masa sana'a, me ya sa ya bar shagon maigidansa. Kafinta ya amsa komai a natse, har aka zo kan yadda suka haɗu, shi ma bai ɓoye ba.

Bayan ya tafi Baba ya ce, "Mutumin da ya leƙa littafin da ba nasa ba, gobe me zai leƙa? Ban yarda da shi ba."

Mama ta ce, "Alhaji, ai shi da bakinsa ya faɗa maka."

"Wanda ya fi kowa saurin buɗe jaka, shi na fi bincika."

Akwai kuma Manaja, ɗan mai kantin da Auta ke aiki. Shekara biyu yana nemanta tana kaucewa. Shi ne ya zo har gida wata Lahadi, ya durƙusa gaban Baba, ya ce ba don komai ya zo ba sai don mutuncin gidan nan. Agogon azurfa ya ɓace daga gidan tarihi, kuma kafintan nan ne ya sa kwaɗon akwatin. An kira shi an yi masa tambayoyi, an kuma dakatar da duk aikin da aka ba shi.

Auta na bayan labule tana ji. Ashe kwana huɗu ke nan da dakatar da Kafinta, kullum suna waya, bai ce mata komai ba. Sai maganarsa ta ranar farko ta faɗo mata, cewa da zai samu irin agogon.

Washegari ta je shagonsa. Ta same shi zaune cikin ƙurar katako, injin a kashe.

"Me ya sa ba ka gaya min ba?"

"Jarrabawarki saura mako guda. Na ce bari ki gama."

"Kullum akwai dalilin da zai sa ka ɓoye min abu." Ta matso kusa da shi. "Ka ɗauka?"

Ya ɗago ya dube ta. "Ke ma?"

"Tambaya na yi."

"Ban ɗauka ba. Na miƙa makullan biyu ranar da na gama. Amma in har sai kin tambaya, to amsata ba za ta ishe ki ba."

Ta fita ba sallama. Mako biyu ba wanda ya nemi wani. Ta rubuta jarrabawar da kyar. Manaja kuwa ya dinga kawo mata lemo a kanti, yana cewa Allah ne ya tsare ta. Yadda yake jin daɗin faɗin hakan ya sa ta fara tambayar kanta, wai shi ina ruwansa da gidan tarihi har ya riga kowa ji.

Baba ya ga 'yarsa ta daina cin abinci, a tsayen ma balle a zaune. Ran nan ya sa hularsa ya ce, "Tashi mu je. Zan nuna miki da idonki, ki huta da kuka."

A gidan tarihin, shugabar wurin ta kai su gaban akwatin. Baba ya sa tabarau ya duba kwaɗon. Ba a fasa ba, ba a taɓa ba.

"Wa ke riƙe da makullai?"

"Ni ce, Alhaji. Amma muna zargin kafintan ya yanka na uku."

"Kullum a nan akwatin yake?"

Ta ce a'a, watan jiya an yi fenti, an ja shi tsakiyar ɗaki aka dawo da shi. Bayan nan ne aka lura babu agogon.

Baba ya matsa kusa da akwatin. Ya durƙusa, gwiwoyinsa na ƙara, ya fara ƙwanƙwasa gindin akwatin da ɗan yatsa, yana kasa kunne, yadda ya saba yi wa jakunkunan matafiya. Ya ce a buɗe. Ya ɗaga jan ƙyallen da aka shimfiɗa a ciki, sai ga tsaga tsakanin tsohon katakon da bangon baya. Ya zura hannu har gwiwar hannu. Da ya zaro, agogon ne a tafinsa, ya yi butu-butu da ƙura.

Shugabar ta dafe ƙirji. Baba ya miƙa mata agogon. "Kun samu wanda za ku zarga, shi ya sa ba wanda ya duba. Ni ma haka na zo." Ya kakkaɓe hannu. "Ku kira yaron nan ku ba shi haƙuri a rubuce."

A hanyar fita Auta ta tambayi shugabar ko maganar ta fita waje. Ta ce mutum ɗaya ne ya zo yana ta tambaya a kan kafintan, ɗan wani mai kantin magani, shi ya ma fara kawo zancen makulli na uku.

Daga nan shagon Kafinta suka wuce. Ya miƙe da sauri ya share wa Baba kujera.

"An ga agogon," Baba ya ce. "Na zarge ka, ban yi daidai ba. Amma maganar leƙen littafi tana nan, ban manta ba."

"Ni ma ban manta ba, Baba."

"To. Ka turo manyanka." Ya jijjiga kujerar da yake kai. "Wannan kai ka yi ta?"

"Ni ne."

"Ba laifi."

Baba ya fita ya jira a mota. Auta ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen mayafinta.

"Ka yafe min. Na san halinka, amma na bari tsoro ya rinjaye ni."

"Ni na fara ba ki dalili. Daga yau ko ƙusa ce ta soke ni, ke za ki fara ji."

"Ko ina da jarrabawa?"

"Ko kina cikin ɗakin jarrabawar."

A makon ta ajiye aiki a kantin Manaja. Da sakamakon kwas ya fito ta ci, wani asibiti ya ɗauke ta.

An ɗaura aurensu a wata na goma sha ɗaya, da safe, a ƙofar gidan Baba. Shugabar gidan tarihi ta zo, masu ginin tukwane suka kawo kwanuka shida. Da yamma, kafin a tafi da amarya, Baba ya kira su biyun ɗakinsa. Ya cire tabarau yana gogewa.

"Ni na koya mata zargi," ya ce wa angon. "Aikina ne ya sa. Kai ka koya mata yarda, ka ji?"

"In sha Allahu, Baba."

Mama ta kama hannun 'yarta ta sa a nasa. "Allah ya ba ku zaman lafiya. Allah ya sa ku zama sutura ga juna, ya ba ku zuri'a mai albarka, ya raba ku da masu shiga tsakani."

Suka amsa da amin. Baba ya juya fuskarsa wajen taga, ya ce su tashi su tafi, mota na jira.