Wanda Na Ce Wa Shigo

Zulai, rufe laftof ɗin nan ki matso. Ke ma Lawisa. Tunda kun fara koyon haɗa manhaja, gara ku ji wannan daga bakina.

Lokacin ina aiki a wani shagon kwamfuta a Funtuwa. 'Yata Walida tana wata bakwai, nakan bar ta gida wurin Inna. Maigidan shagon ya ce in haɗa masa 'yar manhajar hira, irin ta baƙin allon nan da ba hoto, sai rubutu kawai. Ka buga saƙo, ya fito wa na ɗaya ɓangaren. Na gama cikin kwana biyu, kaina ya kumbura.

Sai na ce bari in ƙara mata bot, wato ɗan aike mai amsa saƙo da kansa. Abin farko da na koya masa shi ne tarbiyya. Duk wanda ya yi sallama, ya ce masa: "Wa alaikumus salam, shigo." Haka aka rene mu, ban ga aibun abin ba. Umarnin fita kuwa, wato na sallamar baƙo, na bar shi sai gobe.

Ranar Juma'a ce, rana tsaka. Maza duk sun tafi masallaci, layin ya yi tsit. Ni kaɗai a shago. Ban haɗa intanet ba, gwaji nake a kwamfutata. Sunaye biyu ne a allo, nawa da na bot.

Sai layi na uku ya fito. Ba suna a gabansa.

"Salamu alaikum."

Kafin in ɗaga yatsa, bot ya amsa. "Wa alaikumus salam, shigo."

Labulen ƙofa ya ɗaga, ya sauka. Babu iska. Kujerar roba da ke bayana ta yi ƙara, irin ta wanda ya zauna da nauyi. Wani wari ya cika shagon, kamar na jiƙaƙƙiyar akuya.

Lawisa, sakar mini hannu, zafi.

Na danna maɓallan tsayar da manhaja. Ta ƙi. Na danne na kashewa har yatsana ya yi fari. Allon yana nan.

"Na daɗe a bakin ƙofar nan," ya rubuta. "Ba wanda ya taɓa ce mini shigo."

Na buga: "Me kake so?"

"Masauki. In kin tashi, tare za mu gida."

Gida. Inda Walida take kwance a tabarma. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, har fitsari ya kama ni.

Na fara karanta abin da na iya a zuci, ina rubuta umarnin fitan nan da na yi wa lalaci. Layi shida ne kawai. Sau uku ina kuskuren harafi. Numfashi a ƙeyata, yana karanta abin da nake bugawa. Na gama, na aika. Bot ya rubuta: "Mun gode da ziyara, a sauka lafiya."

Sai ya rubuta:

"Haka ake sallamar baƙo a gidanku? Daga zaune?"

Na gane. Rakiya yake so. Na miƙe, idona a ƙasa, na ɗaga masa labule. Muka fita. Takalmina na cewa fat, fat. Nasa kuwa ƙwas, ƙwas a kan siminti, kamar jaki. Inuwata kaɗai nake gani, amma a kan yashi sawun kofato na fitowa kusa da nawa, biyu-biyu.

Har bakin kwalbati na taka masa. Nan sawun ya tsaya. Murya ta fito daga can ƙasa, kusa da gwiwata, siririya kamar ta tsohuwa.

"Koma haka nan, kin yi zumunci." Sai ya ƙara da cewa, "A shafa mini kan Walida."

Ban taɓa rubuta sunanta a kwamfutar nan ba.

Ban koma shago ba, gida na nufa da gudu ba mayafi. Na tarar da ita tana wasa da ludayi, lafiyarta ƙalau. Inna ta dube ni ta ce, "Ke kuma lafiya? Yanzun nan yarinyar nan ta gama ɓaɓɓaka dariya ita kaɗai, tana miƙa wa bango hannu."

Don haka, Zulai, ki koya wa bot ɗinki ya tambayi ko wane ne kafin ya ba da izini. Kuma kada ki zauna gwaji ke kaɗai lokacin da layi ya yi tsit. In ya kama, ki kira ni in zauna kusa da ke.