Hanyar Bayan Gida

"Ke ce kika yi wannan abin?"

Auta ta ɗago kai daga bencin asibitin. Ba sai an gaya mata ko wace ce matar ba, hancin Malam ne sak a fuskarta. A hannun matar akwai taswirar da Auta ta zana, ta jiƙe da ruwan kwata, gefe ɗaya ya yage.

"Ni ce, Mama..."

"Kada ki sake ce min Mama! Tun yana ƙarami ɗana yake yawo da sandarsa, ko tuntuɓe bai cika yi ba. Sai yau da ya yarda da takardarki ya faɗa rami!"

Duk masu jiran likita suka juyo. Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Taswirar makafi take yi a cibiyarsu, irin wadda yatsa ke karantawa. Layi mai kauri babban titi, siriri lungu, ɗigo-ɗigo wurin tsallakawa, zane mai kaushi kuma haɗari. Malam, wanda shi ma makaho ne, yana koyar da lissafi a makarantar makafi, shi ke zuwa gwada kowace taswira kafin a raba.

"Wannan titin naki ya fi na gaske kyau," haka yake tsokanarta.

Tun tana murmushi ita kaɗai har ta koma jiran ƙarar sandarsa a matakala. Rannan ya ajiye wasa ya ce, "Auta, yi min taswirar gidanku. Ina so in je gaishe da Abba da ƙafata, ba wanda ya riƙe min hannu."

Abba ya sani, ya ce ya zo. Matsalar Gwaggo ce, yayar Abba, da shagon ɗinkinta da ke bakin babban titi, inda ba mai wucewa ba a yi sharhinsa ba.

"Duk mazan duniya ki rasa wanda za ki kawo sai wanda za ki riƙa ja?" in ji Gwaggo ranar da ta ji labari.

'Yarta kuwa har tashi ta yi ta rufe ido tana lalube da ma'aunin yadi, shago ya kaure da dariya.

Dariyar nan ce ta bi Auta har teburin aiki. Da ta iso mahaɗar unguwarsu sai hannunta ya kauce, ta ja siririn layi ta bayan gidaje. Ta daɗe ba ta bi ta nan ba, ba ta san an haƙa ramin bututu ba. Kuma dokar aikinsu ta farko ita ce, ba ka zana hanyar da ƙafarka ba ta taka ba.

Da aka bari ta shiga ɗakin da aka kwantar da Malam, yana jingine da filo, hannun hagu a naɗe da filasta, goshinsa da ɗinki.

"Na ji takunki," ya ce. "Mama, don Allah ba mu wuri."

Mama ta fita tana ƙwafa.

"Malamina, ka yafe min... ban san da ramin ba, wallahi ban sani ba!"

"Na yarda."

Ta saki ajiyar zuciya.

"Amma gidanku ba shi da babban titi ne?"

Ta sunkuyar da kai.

"Na ji shi a yatsana, Auta. Ya taho da kaurinsa, sai ya yanke kamar an sa almakashi. Titi ba ya mutuwa haka. Na ce bari in bi, ƙila ta san abin da ban sani ba."

"Gwaggo ce... suna da baki... na ji tsoron su faɗa maka magana."

"Ni kika ji wa tsoro, ko ke?"

Hawaye kawai take yi.

"Ramin kuskure ne, kowa na yi. Hannu zai ɗinke." Muryarsa ta yi ƙasa. "Amma ni ba kayan sata ba ne da za a shigo da ni ta baya. Je ki gida."

Washegari ta faɗa wa shugabar cibiya gaskiya, ba ta rage komai ba. Aka ɗauke ta daga teburin zane, aka ce ta koma bin tituna tana duba hanyoyi har sai yadda hali ya yi. Abokan aiki suka riƙa kauce mata, wannan ya fi zagi ciwo. Ta kira Malam, bai ɗauka ba. 'Yar Gwaggo kuwa ta baza labari a dangi, wai ango ya zo gaisuwa ya ɓuge da gaida kwata.

"Ki gode Allah da ya raba ku da wuri," in ji Gwaggo.

Auta ta dube ta. "Gwaggo, ba makantarsa ce ta jefa shi ba. Ni ce."

Ta bi babban titin nan da ƙafa, kai da komowa, tana taɓa kowace falwayar lantarki, tana lura da inda daɓen ya fashe da inda masu babur ke tare hanya. Sannan ta roƙi shugabarsu ta bar ta ta zana taswira ɗaya tak.

Da ta kai taswirar gidan su Malam, Mama ce ta buɗe mata ƙofa.

"Ɗayan hannun kika zo karyawa?"

Auta ta durƙusa a wurin.

"Mama, abin da na yi ya fi wanda kika sani muni. Kunyar a gan shi na ji, shi ya sa na bi da shi ta lungu. Ko za ki kore ni, ki bari in ba shi wannan."

Mama ta dube ta. "Shi bai faɗa min haka ba. Cewa ya yi laifin masu haƙa rami ne." Ta matsa gefe. "Shiga. Tun ranar ba ya cin abincin kirki."

Malam ya karɓi taswirar. Yatsunsa suka hau layi mai kauri, suka bi shi a hankali, suka tsaya.

"Wannan akwatin fa?"

"Shagon Gwaggo. Za su kalle ka, za su yi magana."

"An saba kallona, ban taɓa gani ba balle ya dame ni. Ke ina za ki kasance?"

"A ƙofar shagon."

"Za mu gani... wato ke za ki gani."

Dariya da kuka suka haɗe mata.

Ranar da aka cire masa filasta ya zo, da rana tsaka, shago cike da mata. Tun daga nesa Auta ta hango farar sandarsa tana tafe dama da hagu. Kekunan ɗinki suka tsaya. 'Yar Gwaggo ta fara ƙunshe dariya.

Auta ta ɗaga murya.

"Masoyina! Ga ni nan!"

Ya juyo daidai inda take, ya tako har bakin shagon, ya rusuna.

"Ina wuni, Gwaggo? An ce duk wanda zai shiga gidan nan sai ya biyo ta gabanki."

Gwaggo ta rasa inda za ta sa idonta. "Lafiya lau... ya jikin?"

"Da sauƙi."

Suka jera zuwa gida, bai riƙe ta ba, ba ta riƙe shi ba.

"Muryarki na rawa ɗazu," ya ce a hankali. "Har yanzu kunyata kike ji?"

"A'a. Kunyar kaina."

"To ki rage ta, Abba na jira. Kada ya ɗauka ni na sa ki kuka ya hana ni ke."

Abba bai hana ba. Ranar da aka kai amarya, Mama ce da kanta ta riƙo hannun Auta ta shigar da ita ɗaki, tana faɗa mata Malam ba ya son a canza wa kujeru wuri.