Awakin Clementina a Allon Dogarawa

Ranar wata Litinin da safe, cikin watan Maris na 2004, Malam Albert ya buɗe kabad ɗin ofishinsa a makarantar lesin da yake gudanarwa a Samaru, ya tarar babu littafinsa. Kwaɗon kabad ɗin lafiya lau. Rediyo na nan, fanka na nan.

Rubutun hannunsa ne, shafi ɗari biyu da 'yan kai, aikin shekara goma sha huɗu a kan yadda Bahaushe zai ƙware a wakilan suna na Turanci. Kwafi ɗaya ne tak, ga shi yanar ido ta fara rufe masa gani. Idan ya ɓace, ba zai iya sake rubuta shi ba.

Sajan Martina ce ta zo daga caji ofis. Ta juya kwaɗon a hannunta.

"Baba, wa zai saci littafin nahawu ya bar rediyo?"

"Wanda ya san darajarsa, 'yata. Yaranmu suna ce wa mota she, su ce wa tebur he, don haka Hausa ta raba su. Ni na tsara yadda za a raba su da wannan cikin mako uku."

"A ina makulli yake kwana?"

"Ƙarƙashin kwalin alli. Bayan ni, mutum uku suka sani."

Mutum ya kulle aikin rayuwarsa, sannan ya ajiye makulli a ƙarƙashin kwalin alli. Wannan sakaci ne, ko da wane suna aka kira shi.

Ta fara da mai gadi. Tsoho ne, bai san ko baƙi ɗaya na boko ba. Da shi ne, rediyon zai ɗauka. Ta sallame shi.

Ta biyu ita ce Omolara, mai buga takardu a kwamfuta a Sabon Gari.

"Madam, yau ɗin nan zai kawo mini shi da hannunsa in buga. Don me zan sace abin da za a miƙo mini?"

Martina ba ta cika yarda da amsa mai daɗi ba. Ta bincika durowa, ta sa aka buɗe mata kwamfutar. Babu komai.

Saura Augustine, matashin malamin da ke taya Malam Albert koyarwa. Shekararsa biyu a Zariya, kuma kwanan nan ya buɗe nasa lesin na yamma a Dogarawa. A can ta same shi, ɗalibai sun tashi. Ya ja mata kujera, ya share da hankici, ya yi tayin lemo. Fara'ar ta yi mata yawa.

"Baba Albert ubana ne a wannan aiki," in ji shi. "Littafin nan ko buɗe shi ban taɓa yi ba."

A bayansa, ba a goge allo ba. An rubuta: Clementina keeps her goats behind our church. She calls them and they follow her. Martina ta kwafa a littafinta kamar tana rubuta jawabinsa, ta yi sallama.

Da ta karanta wa Malam Albert, sai ya cire tabarau ya ajiye.

"A ina kika ga wannan?"

"Ka san shi, Baba?"

"Clementina matata ce. Ta rasu a 1999. Ni ban iya ƙago misali ba, abin da ke cikin gidana nake rubutawa. Tun ranar da aka binne ta ban ambaci sunanta a aji ba. A babi na shida kaɗai yake."

Washegari ta koma Dogarawa da kurtu ɗaya.

"Malam Augustine, wace ce Clementina?"

"Suna ne kawai, Madam. Daga kaina na fito da shi."

"Har da awakin da cocin?"

"Duka."

"To ka ƙago matar Malam ke nan, wadda ta rasu shekara uku kafin ka shigo garin nan. Ka ce mini ba ka taɓa buɗe littafin ba, ga babinsa na shida a allonka ranar da aka neme shi aka rasa. Da ka koyi aikin a wurinsa, da misalinka na kanka za ka kawo. Kwafa ka yi."

A cikin jakarsa aka sami littafin, an manna masa sabon bango mai ɗauke da sunan Augustine. Lalacin da ya hana shi rubuta nasa, shi ya hana shi canza ko suna ɗaya.

Malam Albert ya karɓi littafin, ya ɓanɓare bangon a hankali, ya ƙirga shafukan da yatsa. Sun cika. Ya kai takardar dab da idonsa, ya daɗe, sannan ya miƙa wa Martina.

"Karanta mini babi na shida, 'yata."

Ta zauna ta karanta masa har ƙarshe. Sau biyu ya tsayar da ita ya gyara mata furuci.