Ranar da Obren Ya Karya Burodi Shi Kaɗai

Akwai laifin da nake yi wa uzuri, akwai wanda ba na yi wa. Namiji ya zubar da mutuncin matarsa, ya musanta jininsa don ya tsare aljihunsa, wannan ba shi da uzuri a wurina. Abin da Obren ya yi ke nan a garinmu na Kraljevo. Ku ji abin da ya girba.

Obren tsohon soja ne. Matarsa Zorka ta bi shi bariki bayan bariki tun kuruciyarta. Da ya ajiye kaki ya dawo gida, sai barasa da tsawa. Ta yi haƙuri har haƙurin ya ƙare, ta ɗauki ɗansu Savo, saurayi mai shekara goma sha biyar, ta koma gidan mahaifinta, ta nemi saki.

A ƙofar kotu ya tare ta.

"Zorka... hasken idona, zo mu koma gida."

"Yau ne na zama hasken idonka?"

"To, me kike nema a wurina?"

"Kasona a fanshonka, da kuɗin ciyar da Savo. Shi ke nan."

"Fanshona? Ke kika kwana a rami cikin ƙanƙara? Ke kika riƙe bindiga?"

"A'a. Ni na riƙe gidan da kake dawowa ka tarar da wuta a murhu."

Maganar ta soke shi, don gaskiya ce. Har ran nan yana sonta kamar ranar da ya fara ganinta tana tsinkar 'ya'yan itace a gonar ubanta. Amma girman kai ya hau masa wuya.

Da alƙaliya ta zo kan batun ciyar da yaro, sai Obren ya miƙe, ya ƙame kamar a fareti.

"Ranki ya daɗe, shekarar da aka haifi yaron nan ina bakin iyaka. Ba kullum nake gida ba... Ni dai ban sani ba ko nawa ne."

Zorka ba ta yi kuka ba. Kallonsa kawai ta yi.

Alƙaliya ta ce, "To, sai a gwada jini. Ka yarda?"

Obren ya sunkuyar da kai. Wane gwaji? Yaron da ya ɗauko kunnuwansa da tafiyarsa, har da yadda yake tsuke baki in ya yi fushi?

"A bari... na janye," in ji shi.

Ya janye, amma kunnuwa sun riga sun ji. Savo ma yana zaune a benci a bakin ƙofa. Alƙaliya ta yanke a riƙa cire kuɗin yaro daga fanshon kowane wata. Sai Zorka ta tashi ta ce, "Kasona kuwa na bar masa. Ba na cin kuɗin mutumin da ya kira ni abin da ya kira ni."

Kaka ta shigo, ranar slava ta zo, idin Waliyyi Luka, wanda gidan su Obren ke yi tun kakannin kakanni, uba ya miƙa wa ɗa. Kowa ya san ba a gayyatar mutum slava, wanda ya saba zuwa, zuwa yake yi. Maigida kuma ba ya zama muddin kyandir ɗin waliyyi na ci. A ranar ne uba da ɗa ke juya burodin idi tare a hannu, su karya shi, su sumbaci kuncin juna.

Obren ya share gida, ya gasa alade, ya dafa alkama da sukari. Burodin idi kuwa, wanda kullum Zorka ke kwaɓawa, a kanti ya sayo shi, yana ɓoye shi cikin kwat kada maƙwabta su gani. Ya kunna kyandir, ya tsaya.

Hantsi ya yi, babu kowa. Rana ta take, babu kowa.

Can sai aka ƙwanƙwasa. Tihomir ne, kum ɗinsa, wanda ya tsaya masa ranar aure, ya kuma riƙe Savo ranar baftisma.

"Kum! Shigo, shigo! Na san kai ba za ka yashe ni ba. Ga alkama, ɗanɗana..."

Tihomir bai karɓi cokalin ba, bai ko cire hula ba.

"Obren, wa ya raɗa wa yaron nan suna?"

Obren ya ji sunansa tsirara, babu "kum".

"Kai ne..."

"Ni ne. Da hannuwan nan na ɗaga shi a gaban Allah, na ce ga ɗan Obren. Kai kuma ka je gaban alƙaliya ka ce shege na ɗaga!"

"Fushi ne, kum. Bakina ne ya zame."

"Bakinka bai zame ba sai da aka ambaci dinari! Soja guda, da lambobi a ƙirji! Tir!"

"Savo fa? Ai ya san da shi nake juya burodi. Ka ce masa ya zo... don Allah."

"Ya je wurin kakansa na wajen uwa. Tsohon ba shi da ɗa namiji. Savo ya roƙe shi ya ba shi slavar gidansu, ya kuma ba shi. Yaron ya ce ba zai gaji waliyyin mutumin da bai san ko shi nasa ba ne."

Tihomir ya juya ya fita. Obren ya dafa bango. Ya so ya zauna, kyandir kuwa na ci.

Da la'asar sakaliya ya ji taku a tsakar gida, takun da zai gane ko cikin mutum dubu. Zorka ce, da ƙaramin ƙulli a hannu. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi teburin da babu wanda ya taɓa, ta dubi burodin.

"Na kanti ne," in ji ta a hankali.

"Na kanti ne." Ya kasa ɗaga ido. "Zorka, ki karɓi fanshon duka. Duka! Ni dai ki ce wa yaron..."

"Har yanzu kuɗi kake gani, Obren?"

Ta kwance ƙullin. Hatimin katako ne, wanda ake danna wa burodin idi kafin a gasa.

"Mahaifiyarka ta ba ni ranar da na shigo gidan nan. Ta ce in Savo ya yi aure in ba matarsa. Yanzu ban san wa zan ba ba. Na gidanku ne."

"Masoyiyata... na san nawa ne. Ban taɓa shakka ba, ko sau ɗaya!"

Sai a lokacin hawaye suka zubo mata.

"Na sani. Da shakka ce, da na yafe maka. Kana sane ka faɗa."

Ta ajiye hatimin kusa da kyandir, ta tafi. Bai bi ta ba. Kunya ta hana shi.

Da magariba ya zuba ruwan inabi a kan burodin, ya juya shi shi kaɗai, ya karya shi shi kaɗai, babu kuncin da zai sumbata.

To, ga lissafinsa. Kuɗin yaro ana cire masa kowane wata, ko ya so ko ya ƙi. Kason Zorka ya tsira a aljihunsa, shi ne ribarsa. Ya rasa matar da yake so. Ya rasa ɗansa tilo. Ya rasa kum ɗinsa. Slavar da ta ratso kakanni kuma a kansa ta tsaya, ranar da ya rufe ido babu mai kunna wa Waliyyi Luka kyandir a gidan nan.