Kwalliyar Siu-khim

Rana na faɗuwa na isa bayan dandalin da ke ƙofar ɗakin bautar garinmu, kyamara a wuyana. Ang, shugaban 'yan wasan kwaikwayo, shi ne ya kira ni in ɗauki hoton Bi-lan, yarinyar da ya ba gurbin matata.

Matata Siu-khim a nan ta faɗi ta mutu bara, ana tsakiyar wasa. Ang bai tsayar da ganga ba. Haka aka sa ta a akwatin gawa da farar kwalliyar gimbiyar da ta fito a wasan, don motar 'yan wasa na sauri. Tsofaffi sun ce kakanni a lahira ba sa buɗe wa baƙuwar fuska ƙofa. Na nemi hotonta ba kwalliya in ɗora inda muke kunna mata turare, ban samu ba. Ang ya hana a ɗauki 'yan wasansa haka.

"Kawu, yi sauri mana," in ji Bi-lan tana dariya. "Ko sai na tsufa kamar kyamararka?"

Rabin fuskarta fari, rabi nata. Wurin na warin hoda da gumi da taliyar da ta huce.

Na kai ido ga kyamara.

Ganga ta yi shiru. Sai ƙarar tsumma a kan fata. Shaf. Shaf.

Siu-khim na tsaye bayan yarinyar, tana goge kumatu. Farin ba ya fita.

"Tsoho," ta raɗa. Haka take kirana. "Sun ƙi buɗe mini."



Ta ɗora yatsu a kumatun Bi-lan, ɓangaren da ba hoda.

"Wannan fuskar ta ishe ni. Danna."

Yatsana ya fara sauka. Ba ni nake sauke shi ba.

"Kawu?" Muryar Bi-lan ta yi siriri. "Fuskata sanyi."

Na ciji harshena har na ji jini. Na maka kyamarar da ƙasa, na fizgo yarinyar muka faɗo ta matakala.

A bayanmu tsumman ya ci gaba.

Ban sake riƙe kyamara ba. Matata tana bakin ƙofar kakanni har yau, kuma ni na bar ta a can.

Bi-lan kuwa, shatin yatsu huɗu farare ya zauna a kumatunta, sabulu ya kasa. Da aka nuna wa Ang, ya duba, ya tura mata gwangwanin hoda.

"Cike sauran," ya ce. "Mutane na jira."